Ta'aziyyar Tukur Ƙofar Atiku, Wanda Ya Jira Girbi

Allah ne ya ba da aron mu, kuma ɗaya bayan ɗaya yake karɓar abinsa. Ranar Laraba 16 ga Oktoba, 2024, daidai da 13 ga Rabi'us Sani, 1446, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Tukur Ƙofar Atiku rasuwa yana da shekara hamsin da huɗu. Manomin shinkafa ne, kuma shi ne babba a gandun gidansu. Ya cika a asibiti bayan zazzaɓin kwana uku, wanda likitoci suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa ta robar wankin ƙoda da ke wuyansa. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansu. Ya bar matarsa Malama Wasila, da 'ya'ya bakwai, da ƙanne maza biyar.

Sunana Sa'ad, tsohon malamin Turanci ne ni, ina zaune a Gidan Igwai. Ban haɗa dangi da marigayin ba, ban haɗa unguwa da shi ba. Ciwo ne ya haɗa mu. Shekara biyu da wata huɗu gadona yana maƙwabtaka da nasa a ɗakin wankin ƙoda, kowace Litinin da Alhamis, awa huɗu kowane zuwa. Jiya Juma'a, wurin sadakar uku, ƙanensa Jibrin ya ja ni gefe ya yi mini tayin ƙodarsa, wadda aka shirya dasa wa Tukur, ya ce a gwada shi ranar Litinin a ga ko za ta yi mini. Ban ba shi amsa ba. Wannan rubutu shi ne amsata, kuma ina so Jibrin ya ji shi daga farko har ƙarshe kafin Litinin ɗin ta zo.

Tukur, ranar da aka fara kawo ni ɗakin nan ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, numfashina yana sama-sama. Sista Lidiya, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da injinanmu, ta haɗa ni da injin, na ga jinina ya bi roba ya fita daga jikina, sai na kama kalmar shahada da ƙarfi. Kana kwance a gadon da ke damana, ka ɗago kai ka ce:

"Malam, kak ka dubi jinin, dubi ni. Naka na, tahiya za shi yi shi komo, ba shi ɓacewa."

Daga nan ka ɗauko hira. Ka ba ni labarin gonarku ta fadamar Kwalkwalawa, da yadda ake gane shinkafar da ruwa ya yi wa yawa, da yadda tsuntsayen jan-baki ke sauka a gona su share wahalar wata huɗu kafin a gama azahar. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba tun ina yaro, na tsinci kaina ina tambayar ka irin da ya fi jure ambaliya. Ban ankara ba sai na ji injin yana ƙarar gamawa. Daga baya Sista Lidiya ta gaya mini haka kake yi wa kowane sabon zuwa, har ma'aikatan da kansu sukan ajiye mai tsoro kusa da kai da gangan.

Kai ka koya mini zama da ƙishirwa. Wanda ƙodarsa ke aiki ba zai san wannan ba: an ƙayyade mana 'yar gora guda a wuni, a garin Sakkwato, a watan Afrilu, domin duk abin da muka sha a jiki yake tsayawa sai inji ya cire. Alwala kanta ta zama jarrabawa, ruwa ya shiga baki sau uku ka fitar da shi. Ka ce in riƙa sha da murfin gora maimakon kofi, in sa ɗan gutsuren ƙanƙara a ƙarƙashin harshe, in tsotsi ɓarin lemun tsami idan abin ya tsananta. Har yau da murfin gora nake sha, jikokina suna yi mini dariya.

Kuma akwai ranar da jinina ya faɗi ina kan inji. Na ji ɗakin yana juyawa, na buɗe baki magana ta ƙi fita. Ma'aikatan suna can ɗaya ɓangaren wajen wata baiwar Allah da jijiyarta ta toshe. Kai ma a ɗaure kake da naka injin, ba halin tashi. Sai ka ɗauki kwanon silbar da kake tofa yawu ka maka shi a jikin ƙofa, kana kiran Sista da muryar da ake kiran mutum daga wancan bakin gulbi. Da na farfaɗo na ga kwanon ya lotse. Ban taɓa yi maka godiyar wannan rana yadda ya kamata ba.

Duk wanda ya zauna a ɗakin nan yana da irin wannan labari game da kai. Akwai Malama Tabita, malamar firamare da ke zuwa daga wajen gari, wadda tun kafin zuwana ka bar wa layinka na safe har wata biyu don kada yamma ta yi mata a hanya. Akwai masu shara da ka san sunan kowannensu da sunan garinsu. Idan aka yi sabuwar shinkafa kowa a sashen sai ya ɗanɗana. Da a nan na tsaya, da na rubuta ta'aziyya irin wadda aka saba, kowa ya ce Allah ya jiƙansa a watse. Amma ba zan iya tsayawa a nan ba.

Na yi maka hassada, Tukur. Ba sau ɗaya ba, ba kuma da kuskure ba. Shekara biyu ina yin ta, ina kwance kusa da kai, ina cin dabinon da aka hana mu wanda kake raba mana rabi-rabi a ɓoye.

Ba dukiya na yi wa ƙyashi ba, domin ba ka fi ni ba. Ba lafiya ba ce, domin jikinka ya fi nawa wahala. Ni an haɗa mini jijiya a hannu ta kama tun karon farko, kai sau biyu ana haɗa taka tana mutuwa, shi ya sa aka bar ka da roba a wuya. A kan mutane na yi maka ƙyashi. Dokar ɗakin ita ce mai jinya ɗaya ga kowane gado, amma ku a keke napep biyu kuke zuwa. Ƙannenka su shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke bakin sashen, su riƙa shigowa bi da bi, wannan ya gyara maka matashi, wancan ya kawo labarin gona, wani ya shigo ba don komai ba sai don ya tsaya a kanka. Ta taga nake hango su. Na san adadinsu, na san wanda ya makara, na san ranar da suka zo su shida har da ɗan baffanku.

Ni kuwa ɗana Zayyanu ke kawo ni. Yaron kirki ne, kada wanda ya karanta wannan ya zarge shi. Yana sauke ni a bakin asibiti ƙarfe bakwai saura, ya wuce ofishinsu a Sama Road, ya aiko mai keke ya mayar da ni gida. Bai taɓa barin magani ya yanke mini ba. Yana da ƙananan yara uku, ni ma da na yi tunani na ga bai kamata in sa rai da ƙodarsa ba. Maganar ƙoda ban taɓa roƙon sa ba, shi ma bai taɓa yi mini tayi ba, kuma dukanmu mun san maganar tana nan zaune a tsakaninmu cikin mota kowace safiya.

Idan aka kusa awa ta uku a kan inji, jijiyoyin ƙafa sukan ɗaure, ciwon da ke sa babban mutum kuka. Kai da zarar ka motsa hannu biyu sun kama ƙafarka. Ni sai in cije leɓe in juya fuska bango. Wata rana ka gan ni, ka ce, "Jibrin, bar tawa, kama ta Malam." Jibrin ya durƙusa ya murza mini sangali da hannuwansa masu kaushin fartanya har jijiyar ta saki. Tun daga ranar ya zama aikinsa. Ina jin daɗin hannun, ina kuma jin haushin cewa aro ne. Na ce na gode, amma a raina cewa nake, me wannan ya yi wa Allah da ni ban yi ba?

Abin har ya kai ga wauta. Wata likita matashiya ta zo da takardu tana tambayar manoma, domin ana bincike ko zafin rana da daɗewa cikin ƙishirwa a gona da magungunan kashe gajiya da ake sha barkatai suna da hannu a lalacewar ƙodar mutanenmu. Ta zauna da kai kusan awa guda tana rubuta duk abin da ka faɗa, nawa kake sha a wuni, ƙarfe nawa kake barin gona, wane magani kake saya wurin masu talla. Ka ji daɗi, ka ce ko ba komai wahalarka za ta amfani na baya. Da ta zo kaina ta ga ciwon suga da hawan jini ne suka kai ni, ta yi mini sannu ta wuce. Ni da na shekara talatin ina koyar da Turancin da aka rubuta takardar da shi, ba a tambaye ni komai ba. Wallahi har wannan sai da na yi maka ƙyashinsa.

Sai aka zo maganar dashe. Likita ya ce tunda jijiyoyin hannunka sun ƙi, mafita ita ce a samu wanda zai ba ka ƙoda. Bai rufe baki ba ƙannenka huɗu suka miƙe, na biyar ma don yana Argungu ne. A bakin ɗakin gwaji har gardama suka yi kan wanda za a fara ɗibar jininsa, sai da Sista Lidiya ta sa su layi. Bayan makonni sakamako ya fito, Jibrin ne ya dace. Ya shigo ɗakin yana washe baki kamar wanda aka ba kujerar Makka. Kowa ya yi barka, ni ma na yi, kuma muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Na ji lokacin da likita ya faɗi rukunin jininsa, irin wanda ke iya ba kowa ne. Na riƙe wannan a kaina tun daga ranar, ban san me zan yi da shi ba, amma na riƙe. Da na koma gida ban ci abinci ba.

Dangi da ƙungiyarku ta manoman shinkafa suka ɗauke nauyin aikin. Asibitin da za a yi dashen ya ba da rana a tsakiyar watan Yuli. Abu ɗaya ya rage, ka ce to.

A nan gandu ya shigo. Wanda bai tashi a gidan noma ba zai ga kamar ƙaramar magana ce. Gidanku tukunya ɗaya ce, mutum kusan talatin ke ci daga gona ɗaya, kuma tun da ka kwanta Jibrin ne ke jan aikin. Shi ya san inda ruwa ke shiga da inda yake fita, shi ke raba wa kowa kuyyar da zai nome, sauran ƙannen biyu 'yan kasuwa ne, biyu kuma ba su kai su riƙe gona ba. Ga damina ta sauka. A wurinka abin kunya ne babban gida ya kwantar da mai noman gida a tsakiyar damina don ransa shi kaɗai. Likita ya gaya maka da Hausa kada ka jinkirta. Sista Lidiya ta gaya maka. Jibrin kansa ya ce a yi, Allah zai ci da gida. Kana ta jujjuya maganar, ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Yuni likita ya ba ka takarda mai shafi biyu da Turanci, wadda aka taƙaita abin da binciken baya-bayan nan ya nuna game da dashe da jira, ya ce ka kai a karanta maka a gida. Ba ka kai gida ba. Ka jira aka haɗa mu da injina, ka tura Jibrin sayen ƙanƙara, sa'an nan ka miƙo mini ita.

"Malam, likita aikinshi na shi ba mutum tsoro," ka ce. "Kai kaɗ ɗanɗani abin ga, kai kuma kas san Turanci. Karanta man, ka hwaɗa man gaskiya tsakaninka da Allah."

Na sa tabarau na karanta ta duka a zuci tukuna. Shafin farko maganar mai karɓa ce. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda aka yi wa dashe da wuri ya fi wanda ya zauna a kan inji tsawon rai, kuma mai roba a wuya ya fi mai jijiyar hannu shiga haɗarin ƙwayar cuta a jini nesa ba kusa ba, haɗarin yana tare da shi muddin robar tana jikinsa. Har layi aka ja a ƙarƙashin wannan. Shafi na biyu maganar mai bayarwa ce: yawancinsu suna komawa rayuwarsu lafiya lau da ƙoda ɗaya, sai dai a guji ɗaukar kaya mai nauyi da aikin ƙarfi na wasu makonni, mai aikin wahala yana iya kaiwa wata uku.

Na fara maka da shafi na biyu. Na fassara shi a tsanake, kalma bayan kalma, yadda nake yi wa ɗalibai a aji, kuma da na zo wurin wata ukun nan na maimaita shi.

"Wata ukku?" ka ce. "Wata ukku Jibrin na kwance, ga damana ta kankama? To wa ka shiga hwadama?"

Sai ka nuna ɗaya shafin da haɓa, ka ce wancan fa? Na juya takardar, na dubi layin da aka ja, na ce maka wannan bayani ne kan amfanin dashe, abin da ka riga ka sani. Na ce dashe yana da kyau, ba wanda ya musa. Ban yi maka ƙarya ko ɗaya ba, Tukur, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Na dai tsallake layin da aka ba ka takardar dominsa.

Ka yi ajiyar zuciya, ka ce, "Ashe ni ad da gaskiya. Sai an yi girbi." Ka tambaye ni, in ni ne ya zan yi? Na ce ai wata huɗu kamar gobe ne, mun yi shekara biyu ma. Ka naɗe takardar ka sa a aljihu, fuskarka ta saki, har ka yi barci a kan injin ranar.

Na tambayi kaina dalili sau da yawa, kuma yanzu na sani. Ban so ka mutu ba, Allah shaida ne. So na yi kada ka warke ka bar ni. Na hango ka ka dawo daga dashe kana shan ruwa da kofi, ka leƙo ɗakin a tsaye da ƙafafunka ka yi mana sannu, ka kawo mana shinkafa, ka tafi. Na hango tabarmar nan an naɗe ta daga gindin dogon yaro, ni kuma ina nan a gadona ina juya fuska bango. Na ce a raina wata huɗu ne kawai, in ƙara samun ka wata huɗu, ƙodar ai ba guduwa za ta yi ba.

Daga wannan rana zuwa rasuwarka mun kwanta kusa da juna fiye da sau talatin. Kowane zuwa dama ce ta in ce maka, Tukur, kawo takardar nan akwai abin da na bari. A gabana Sista Lidiya take wanke bakin robar tana cewa, "Baba Tukur, wannan abu na wuyanka ba abin zama da shi ba ne, ka taimake mu ka tafi a yi aikin nan." Kai kuma ka yi dariya ka ce Malam ya karanta maka komai. Ta dube ni, ni kuwa na dubi silin. Sau biyu na shirya maganar tun daga gida, na zo na tarar kana raha da ƙannenka, sai na ji abin nan ya sake taso mini a ƙirji, na haɗiye maganar.

Alhamis ɗinka ta ƙarshe ka shigo da zangarniyar shinkafa guda a hannu, ta fara ja, ka zagaya da ita gado-gado kafin a haɗa ka. Ka ce saura sati uku a sa lauje, daga nan sai tafiya. Ranar Lahadi zazzaɓi ya kama ka da rawar sanyi. Litinin da na zo an riga an kwantar da kai a wani ɗaki, na je na tsaya a bakin ƙofa, ba ka gane kowa ba. Laraba da hantsi Zayyanu ya kira ni ya gaya mini.

Na je jana'iza. Layin ya cika titi har ya karya kwana, manoma da laka a ƙafa, 'yan kasuwar shinkafa, ma'aikatan asibiti, Malama Tabita da mijinta suna tsaye daga gefe. Ƙannenka biyar suka ɗauki makara suka ƙi sakar wa kowa, sai da liman ya yi magana. Zan faɗi wannan ma tunda na fara: ina cikin sahu ina hawaye na gaske, kuma a lokaci guda ina ƙirga mutane ina auna nawa za su zo tawa. Ko a cikin likkafani ban daina yi maka ƙyashi ba. Washegari Alhamis na je wanki na tarar an sa wani a gadonka, sabon zuwa, yana kallon jininsa a tsorace. Na buɗe baki in gaya masa abin da ka gaya mini, na kasa.

Na san abin da malamai za su ce, kuma gaskiya ne. Ajali ba ya gaba ba ya baya, da an yi dashen ma ranar da aka rubuta maka ita ce ranar. Na yi imani da wannan. Amma ba a kan ajali za a tambaye ni ba. Mutum ya ba ni amana ya haɗa ni da Allah, na karanta masa rabi.

Jibrin, yanzu da kai nake. Jiya bayan an shafa addu'a ka riƙe hannuna ka kai ni bayan rumfa, idanunka jajur, ka ce:

"Malam, Yaya ya sha hwaɗa man, duk asibitin ga kai ɗai kag gane shi. Ƙodag ga na riga na bad da ita tun ga zuciya, ba tawa ta ba. Shi ya tahi bai amsa ba. Kai aɗ ɗan'uwanshi na ɗakin can. A gwada ni ran Litinin, in ta yi maka, taka ta. Wanga karo ba ni jiran girbi."

Ka ga na yi shiru ka ɗauka kunya ce ko kuka. Ba su ba ne. Zuciyata ce ta yi tsalle, har na ji kunyar kada ka ji bugunta. Na riga na san rukunin jininka. Ina so in rayu, Jibrin, ina so ƙwarai. Ina so in cika kofi da ruwan randa in shanye a tsaye. Da na ce to jiya, ba wanda zai taɓa sanin komai, domin mu biyu ne a kan takardar nan kuma ɗaya yana ƙasa. Na kwana na wuni ina gaya wa kaina cewa shirun ba zai cuci kowa ba. Sai na tuna haka na gaya wa kaina a watan Yuni.

Mutumin da ka yi wa tayi jiya ba ni ba ne, wanda yayanka ya ba ka labari ne, kuma yayanka bai san wannan ba. Ga ni yanzu yadda nake. Zan ba da wannan rubutu a kawo gidanku yau Asabar, na kuma yarda a buga shi kowa ya gani. Zainaba, ke ce babbar 'yar marigayi kuma ke za a ba ki karanta wa baffanki. Ina roƙon ki ki karanta masa duka, da wuraren da za su sa ki tsane ni, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Takardar likitan ma ku duba aljihun rigunansa, mai yiwuwa tana nan, ki karanta shafin farko da kanki.

Ga sauran 'yan'uwana na ɗakin wanki da masu jinyarsu, idan likita ya ba ku takarda, ku sa mutum biyu su karanta muku, kuma ku koma wurin likitan ku tambaye shi abin da ya ja wa layi. Idan an ba ku rana, ku tafi. Gona tana da wata shekarar.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Tukur. Ka sa wahalar da ya sha a kan inji ta zama kankarar zunubi, ka shayar da shi daga tafkin Annabi, shan da ba ƙishirwa bayansa, ba kuma mai auna masa. Ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da alherin kowane mai tsoro da ya kwantar wa hankali. Ka ba Malama Wasila haƙuri, ka raya Zainaba da ƙannenta, ka riƙe gandun gidansu, ka sa albarka a shinkafar da ya jira bai ci ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Jibrin da sauran ƙannensa, da jama'ar Ƙofar Atiku, da Sista Lidiya da abokan aikinta waɗanda suka faɗi gaskiya ba a saurare su ba saboda ni. Ya Allah, ka cire mini wannan ciwo na zuciya, domin shi babu injin da ke wanke shi, kuma ka sa Tukur ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanka.

Jibrin, ba na roƙon ka ƙoda, gafara nake roƙo, ita ma ba dole ba. Idan ba ka zo ba ranar Litinin ba ka yi mini laifin komai ba, ka tafi ka yanke shinkafarku. Ni dai ina gadona tun ƙarfe bakwai. Na so in rubuta cewa ba zan dubi ƙofa ba, amma na yi alkawarin ba zan ƙara ɓoye komai ba. Zan duba.